Muryar Tanti da rantsuwar da ban yi ba

Ranar da aka kai Tanti makwancinta, telan nan ɗan Pakistan da ke ƙasan benenmu a unguwar Satwa ta Dubai ya rufe shagonsa tun da hantsi, mutumin da ko ranar sallah sai ya buɗe rabin ƙofa. Ya hau sama da tiren shayi, ya ajiye a bakin ƙofa, ya yi salati, ya juya. Matan Kano masu zuwa sarin kaya, waɗanda suka saba yada zango wurinmu su sha ruwa kafin su shiga kasuwa, sun cika falo har bakin kicin. Wannan na cewa Hajiya ce ta raka ta asibiti lokacin da ƙafarta ta kumbura, waccan na cewa ba ta taɓa ganin baƙuwa mai iya tuƙa tuwo kamarta ba. Maza kuwa, mutanen Damagaram da Maraɗi, an shimfiɗa musu tabarmi a baranda tare da Kawu, wan mahaifiyata, wanda ya shekara talatin da 'yan kai yana aure da ita. Kowa Hajiya Ba'amurkiya yake ce mata. Ni kaɗai nake kiran ta Tanti, yadda muke kiran matar kawu a gida.

Bayan azahar sai ga wasu mutum huɗu 'yan ƙasar Filifin sun hawo bene cikin baƙaƙen kwat, a wannan zafin da ko riga mai hannu mutum ƙyashin sa ta yake yi. Ba wanda ya san su. Dattijon cikinsu yana rungume da wani faifan garmaho cikin kwalinsa. Ya durƙusa gaban Kawu, ya ce su makaɗa ne a wani otel, shi fiyano yake kaɗawa. Ya ce wata rana yana gwaji a ɗakinsa, nan bayan layinmu, sai wata tsohuwa mai hijabi ta ƙwanƙwasa masa ƙofa ta ce da shi yana gaggawa, ya bar wa mai waƙa wurin numfashi. Da ya tambayi sunanta ta faɗa masa na da, nan take ya gane ta, domin da wannan faifan da ke hannunsa ya koyi kiɗa tun yana saurayi a ƙasarsu. Yana maganar yana kuka, babba da shi.

Kwalin ya shigo falo, ya bi hannu hannu. A jikinsa hoton wata budurwa ce baƙa, doguwa, cikin farar riga, kafaɗu a waje, ido a lumshe.

"Wai wannan Hajiya ce?"

"Allahu akbar! Ashe mawaƙiya ce? Shekara nawa muna cin tuwonta ba mu sani ba!"

Sai wata dattijuwa cikin 'yan kasuwar, wadda ta fi kowa kuka da safe, ta ɗaga murya yadda na baranda za su ji. "To Alhaji, sai fa a yi ƙoƙari. In akwai irin waɗannan a gida a tattara a fasa. Mutum yana kabari ana jin waƙarsa, ana rubuta masa zunubi. Wallahi ba don komai na faɗa ba, don ƙaunarta ne."

Kuma na san gaskiya take faɗa, don ƙaunarta ne. Shi ya sa na rasa bakin da zan zage ta. Kawu ya ce, "Ranar arba'in, in sha Allah." Faya-fayan guda shida ne, suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, kuma ni ban taɓa jin ko ɗaya daga cikinsu ba. Daga wannan la'asar na fara lissafin kwanakin da suka rage wa muryar Tanti.

Na zo Dubai daga Damagaram ina da takardar makaranta mai kyau da in'ina mai muni. Kalma ɗaya sai ta tsaya mini a maƙogwaro har mai sauraro ya gaji ya ƙarasa mini, kuma ba abin da na tsana irin a ƙarasa mini magana. Wuri uku na je neman aiki, duk suka sallame ni da murmushi. Ranar da na dawo daga na ukun na jefar da jakata ina kuka, Tanti ba ta lallashe ni ba. Ta ce in kwanta a ƙasa. Ta ɗauko ƙaramin buhun shinkafa ta ɗora mini a ciki.

"Ɗaga shi da numfashi, ma fille. Ba da ƙirji ba, da ciki. Shwaiya shwaiya, a hankali. Ke matsalarki kina bin kalma da gudu. Tsaya, ita za ta jira ki."

Haka Hausarta take, ta Damagaram ce tsantsa da ta koya a bakin Kawu, amma da Faransanci da Larabcin kasuwa a ciki, kuma tana jan kowace kalma kamar tana jin daɗin ta a baki. Wata biyar muna wannan aikin shinkafa kowace safiya. Daga baya na samu aikin amsa waya a wani kamfanin kargo a Dubai Investments Park, ni da ko sunana ba na iya faɗa a tashi ɗaya. Yanzu kuwa roƙona ake yi in yi shiru, Kawu ma ya sha cewa da ya san abin da Hajiya ke shirya masa da ya ɓoye shinkafar.

Labarinta ba ta taɓa zama ta ba ni shi daga farko zuwa ƙarshe ba. Gutsure gutsure nake samu, muna tsinke zogale ko tana yi mini kitso. A kudancin Amurka aka haife ta, mahaifinta leburan jirgin ƙasa ne, a coci ta fara waƙa tana yarinya. Tana da shekara goma sha tara wani mai busa ƙaho ya ji ta, ya kai ta babban birni, ta shiga cikin masu waƙar jaz. Ta ce faifanta na farko a wuni ɗaya aka ɗauke shi, ita da makaɗa duka a ɗaki guda. In mai ganga ya yi kuskure a ƙarshen waƙa, kowa sai ya koma farko. Makirufonta kuwa ba ya jure ƙara, saboda haka in za ta ɗaga murya sai ta ja da baya taku biyu ko uku, in za ta yi ƙasa ƙasa sai ta matso har leɓenta ya kusa taɓa ƙarfen. Ta ce a zamaninsu ƙafar mawaƙi ma tana waƙa.

Wannan ɗabi'ar ba ta bar ta ba har ta koma ga Allah. In tana yi maka maganar sirri, sai ka ji numfashinta a kunnenka. In ranta ya ɓaci kuwa, baya take yi. Akwai shekarar da Kawu ya samu gida mai faɗi a unguwar Abu Hail, ya zo da murnarsa ya ce mu shirya kaya. Tanti ta ce ba inda za ta.

"Haba Hajiya, ɗaki uku ne fa, ga lif. Nan kullum gwiwarki ciwo take."

"Na je na ji ladaninsu, monsieur. Mutumin kirki ne, amma ta hanci yake kira. Sau biyar a rana, har in mutu? Jamais, har abada!"

Tana faɗa tana ja da baya. Kawu na ƙara hujja, ita tana ƙara murya, ta wuce kujera, ta wuce firiji, har sai da ta tsinci kanta a baranda tana yi wa mijinta faɗa daga wajen gida. Maƙwabta suka leƙo. Ta dube su, ta dubi ƙafafunta, ta fashe da dariya. Ba mu koma Abu Hail ɗin ba.

Ladanan Satwa duk ta san su da murya, ba ta taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Sai mu zauna cin abinci ta ɗaga yatsa, ta ce na masallacin bayan kasuwa mura yake yi yau. Kafin magariba ta dafa citta da kanumfari, ta zuba zuma, ta ba Kawu a fulas ya kai. Kawu yana ƙunƙuni yana kaiwa. Ya ce ranar farko ladanin har tsoro ya ji, don ko matarsa ba ta lura yana murar ba.

Abin da ba ta cika son taɓowa ba shi ne otel otel ɗin ƙasarsu. Sau ɗaya ta gaya mini, kuma ba ta dube ni ba da take faɗa. Ta ce sunanta na rubuce da fitilu a ƙofar gaba, ita kuma ta ƙofar kicin take shiga, ta ratsa tsakanin tukwane da doguwar rigarta a tattare a hannu. Ta yi waƙa a ɗakin da ba a yarda ta zauna ta ci abinci a cikinsa ba, mutanen da suka tashi tsaye suna tafa mata ba za su kwana a bene ɗaya da ita ba. Bayan faifai huɗu ta tattara ta koma Faransa, ta yi biyu a can. Na ƙarshen, ta ce, muryarta ta riga ta fara dishewa, masu kamfanin ba su so shi ba, ita kuwa shi ta fi so, don a nan ne ta daina ƙoƙarin burge kowa.

A can ta haɗu da Kawu, yana ɗalibi, yana wanke kofuna a gidan da take waƙa. Ta ce takan gan shi ya shimfiɗa kwali a bayan akwatunan lemo yana salla, ana ta kiɗa a gaba, shi ko a jikinsa. Ta girme shi da sama da shekara goma. "Amma ba don kawunki na musulunta ba," in ji ta, "kada ya yi miki ƙarya. Shekara biyu ina salla kafin ya samu ƙarfin halin ce mini komai." Allah bai ba su haihuwa ba. Da suka dawo daga aikin hajji ta ajiye waƙa, ba wanda ya sa ta, ba ta kuma yi wa kowa bayani ba.

Tana da rai, sau ɗaya tak na ji ta tana rerawa da kunnena. Wata rana da tsakar rana na'urar sanyaya ɗakin maƙwabciyarmu ta lalace, jaririyarta ta yi ta tsala kuka har uwar ma ta zauna tana nata. Tanti ta karɓe ta, ta ɗora a kafaɗa, ta fara wani sauti baki a rufe, ba kalma ko ɗaya. Daga can ƙasa ya taso, na ji shi a ƙashin ƙirjina kafin in ji shi a kunne. Ya hau a hankali, ya tsaya a wuri ɗaya, ya daɗe, ya daɗe, har ni da ke sauraro na ƙosa in ja numfashi a madadinta. Kekunan ɗinkin da ke ƙasa, waɗanda ba sa tsayawa sai lokacin salla, na ji sun yi tsit ɗaya bayan ɗaya. Na ji tsoro, irin tsoron da mutum ke ji in ya gane da wa yake zaune. Jaririya ta yi barci, Tanti ta miƙa ta, ta tambaye ni ko na jiƙa wake.

Faya-fayan kuwa ba ta taɓa sa su ba, gidan ma ba garmaho. Amma duk bayan 'yan watanni sai ta jawo akwatin, ta fito da su ɗaya ɗaya, ta goge da tsumma mai laushi, ta mayar da su a tsaye, ta ce in aka kwantar da su zafi zai tanƙwara su. Na taɓa tambayar ta ko tana nadama. Ta kalli hoton ta ce, "Yarinyar nan ta yi aikinta da gaskiya, ba na jin kunyarta." Wata ranar kuma, ba wanda ya tambaye ta, ta idar da salla ta ce, "Allah ya yafe mini abin da muryata ta sa mutane suka yi." Da ta rasu, ni na riƙe magana ta farko, Kawu ya riƙe ta biyu, kuma dukanmu da kunnenmu muka ji.

Rasuwarta ba ta zo da jinya ba. Ta karya kumallo, ta yi walaha, ta ce ta gaji za ta ɗan jingina. Shi ke nan. Ina cikin mata ukun da suka yi mata wanka.

Bayan sadakar bakwai na tari Kawu. Na ce faya-fayan nan su ne kaɗai abin da ta bari, ba ɗa ba jika. Ya ce ya tambayi malamai biyu, ɗaya ya ce a fasa, ɗaya ya ce wadda ta bari don Allah ba abin da zai bi ta. Na ce to ai ga shi nan. Ya ce in malamin farko ne ke da gaskiya fa, wa zai shiga ramin ya taya ta? Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Na ce shekara talatin tana goge su, da tana so a fasa da ta fasa da hannunta. Ya bar ni na gama tas, sannan ya ce, "Ɗiyata, ke muryarta kike so. Ni ita nake so." Na fita na buga ƙofa.

A wurin aiki akwai wani injiniya ɗan Kano da ke kula mana da kwamfutoci. Ya ga idona a kumbure ya tambaya, na ba shi labari. Ya ce in faɗa masa sunanta na da. Ya rubuta a intanet, ya juyo mini da allon. Ga su nan, duka shidan, wasu mutane da ba mu sani ba sun ɗora, ga rubuce rubuce a ƙasa da harsunan da ko haruffansu ban gane ba. Ya miƙo mini abin sa wa a kunne.

A nan na fara jin Tanti tana budurwa, ina zaune a teburina, motocin ɗaukar kaya na ta kai da kawo tsakanin kwantenoni a waje. Makaɗa suka fara, wurin shigarta ya zo, ba ta shiga ba. Na ce a raina ta makara. Sai ta shigo a natse, kamar mai gida da ta san ba wanda zai fara ci sai ta zauna, kuma nan take na gane su ne suka yi sauri. Ban san Turancin sosai ba, amma na san matar da ke cikin waƙar an yi mata ba daidai ba, kuma ba za ta roƙi kowa ba. Wajen ƙarshe muryar ta hau sama, sai na ji ta ɗan yi nisa, na san ƙafarta ce ta ja da baya. Wayoyi uku suna ta ƙara a gabana ban ɗauka ba. Matar da ta ɗora mini shinkafa a ciki ke nan, matar da nake yi wa tsiya don ta cika gishiri a miya.

Da ina da hankali da na tsaya a nan. Amma ni in na samu hujja ba na iya kwana da ita. Na ari kwamfutar hannu ta ofis, na zo gida na dire ta gaban Kawu yana shan shayi.

"Ga su nan, Kawu. Yalla, ka fasa! Duka shidan suna nan, har a Japan ana ji."

Ya gyara tabarau, ya matso. Ya kalli hotonta a allon.

"Yanzu haka ana ji?"

"Yanzu haka da muke magana."

"To a kashe."

"Ba ya kasuwa. In an cire nan, gobe wani ya ɗora can. Khalas, shi ke nan, ya fita hannun kowa."

Ya dubi kofin shayin da ke hannunsa. Ya ajiye, ya tashi ya fita ba hula, mutumin da ko shara zai zubar sai ya sa hula. Na ci gardama, kuma tunda nake ban taɓa jin ƙyamar kaina irin ta wannan ranar ba. Abu ɗaya ya rage masa da yake ganin zai iya yi wa matarsa, ni kuma na ƙwace shi ina murna.

Kwana shida ba ya ce mini komai sai amsa gaisuwa. A na bakwai na dawo daga aiki na tarar da masu gyaran famfo a ƙofar benenmu, suna kafa injin ruwan sanyi, irin wanda masu hali na garin ke sa wa a bakin gidajensu don masu wucewa. Kawu na tsaye a kansu, ya ɗaura kofin ƙarfe da sarƙa da hannunsa. Kafin su gama tattara kayan aiki, leburori biyu da wani mai kai saƙo a babur sun riga sun sha.

"Tunda wancan ba zai tsaya ba," ya ce da ni, "wannan sadakar tata ma ba za ta tsaya ba. Mu gani." Da muka hau sama ya jawo akwatin ƙarfen ya tura mini. "Ɗauki. Fasa su ba zai rage mata komai ba."

Na rungume akwatin, na ce a raina magana ta ƙare.

Ranar arba'in aka yi addu'a, aka raba waina da dabino, mutane suka watse. Bayan la'asar ina wanke kwanuka Kawu ya kira ni falo. Ya ajiye tsohuwar rediyonsa mai cin kaset a kan tabarma, a gefenta kaset ɗaya marar rubutu, da almakashi.

"Zauna. Wannan babu shi a kwamfutarki. Babu shi a ko'ina."

Ya ce ranar da ta gama ɗaukar faifanta na ƙarshe, saura mako ɗaya aurensu, ya je ɗaukar ta. Makaɗa sun tafi, sai mai fiyano. Ta ce da mai na'ura ya ƙara mata minti biyar, wannan ba na kamfani ba ne. Kaset ɗaya aka yi, aka ba shi a hannu.

"Zan sa miki sau ɗaya, don wani ya shaida. Wannan jin a wuyana yake, ba a nata ba."

Ya danna. Aka ji tari, aka ji ta yi dariya, fiyano ya taɓa sau biyu a hankali. Sai ta fara, da Hausa. Hausar da ta sani a lokacin ba ta wuce gaisuwar da ya koya mata ba, ita ta ɗauka ta rera. Ina kwana. Ina gajiya. Ina gida. Ina labari. Tana tambaya, tana barin wuri kamar mai jiran amsa, ba mai amsawa sai fiyano. Kalmomin da nake faɗa sau ɗari a rana ba tare da na ji su ba, ta ɗauke su ɗaya ɗaya ta nuna mini abin da ke cikinsu. Da ta zo kan "ina gajiya", mai fiyanon ya janye hannunsa gaba ɗaya, muryar ta tsaya ita kaɗai, a dishe, ba ado. Na ji macen da ta gaji da gaske tana tambayar wani mutum ko shi ma ya gaji, ko za su huta tare. Duk abin da na ji a faya-fayan nan shida, wanda ya sa dattijo durƙusawa yana kuka, bai kama ƙafar wannan ba. A gefena na ji Kawu yana motsa baki, yana amsa mata, ba gajiya, lafiya lau, sai alheri.

Kaset ya tsaya. Ya ciro shi, ya ɗauki almakashi. Na riƙe masa hannu.

"Kawu, don Allah. Wannan ai ba wanda ke jin sa. Ba waƙar otel ba ce, gaisuwa ce mace ta yi wa mijinta. Me zai bi ta a nan?"

"Yau ba wanda ke ji. Ni kuma ba zan dawwama ba, ke za ki gaje shi." Ya tashi ya ɗauko Alƙur'ani daga kan kabad, ya ajiye tsakaninmu. "Bon. Je ki yi alwala, ki zo ki dafa, ki rantse ba za ki taɓa sa shi a kwamfuta ba, ba za ki ba kowa ya ji ba. In kin rantse, naki ne. Ba zan taɓa shi ba."

Na je na yi alwalar. Na dawo na zauna, na miƙa hannu. Amma tun kaset ɗin bai kai rabi ba, Allah ya sani, na riga na fara tunanin injiniyan ofishinmu da yadda zai juya mini shi. Na riga na hango dattijon nan ɗan Filifin mai fiyano yana ji. Na san zan iya riƙewa shekara ɗaya, ƙila biyar, ƙila har Kawu ya bi ta. Daga nan kuma na san kaina. Abu irin wannan ba zan iya zama da shi ni kaɗai ba.

Hannuna ya tsaya a sama. Kawu bai gaggauta ni ba, bai kuma kau da ido ba. Na janye hannun na mayar kan cinyata.

"Na gode da ba ki yi mini ƙarya ba," ya ce.

Ya sa farce ya zaro zaren kaset ɗin, ya yi ta ja yana taruwa a kan tabarma, sannan ya shiga yankawa ƙanana ƙanana. Bai yi sauri ba. Yana yanka hawaye na bin gemunsa, yana cewa Allah ya jiƙan ki Hajiya, Allah ya sa kin huta. Ni na riƙe masa ledar da yake zubawa.

Kawu ya bi ta bayan shekara biyu. Ban taɓa cewa ya yi daidai ba, kuma ban iya cewa ya yi kuskure ba, don ban san mai son mutum irin son da ya yi mata ba. Ku da kuka ci tuwonta, da ku da kuka san ta a faifai kawai, ku sa ta a addu'a: Allah ya yalwata mata kabarinta, ya karɓi shirun da ta yi dominsa, ya yafe abin da ta roƙa a yafe. Mafi kyawun abin da ta rera mutum biyu ne muka zauna muka ji, yanzu saura ni. Da na dafa na rantse da ƙarya a wannan la'asar, da yau kuna jin ta.